Daga Agege zuwa Epe: zagayen jami'o'in addini a Legas

Tun bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu har Oktoba, hirar majalisun Hausawan Agege da Mile 12 ta sami sabon zance. Dillalan shanu na Oko-Oba, masu tirelolin albasa da tumatir, 'yan canji, duk wanda Allah ya buɗa wa, tambayarsa guda ce: ina za a kai yaro ya yi shekarunsa huɗu ya fito, ba a maido shi gida ya zauna ba? Amsar da ake ba su ita ce jami'a mai zaman kanta. To amma a Ikko da kewayenta, waɗanda suka fi fice na masu addini ne, kuma na cikin jihar kanta na Kirista ne. Shi ya sa muka fita zagaye da wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda ke nema wa 'yarsa gurbi, don kada a yi cinikin biri a sama.

Ga yadda suke a ƙasa. Jami'ar Anchor tana Ayobo, ta cocin Deeper Life ce, ta sami lasisi a 2016. Daga Agege ita ta fi kusa: danfo, wato ƙaramar motar bas ta haya, zuwa Iyana-Ipaja, a sake wata motar zuwa Ayobo. Caleb tana Imota, bayan Ikorodu, a kan hanyar Itoikin. Daga Mile 12 mutum ya hau babbar motar bas ta BRT zuwa Ikorodu, amma ya tanadi katin Cowry na biyan kuɗin mota, da kuɗi a cikinsa tun kafin ya shiga layi, sannan ya nemi motar Imota. In aka miƙe da wannan hanyar ta Itoikin ana faɗawa Epe, garin masunta kuma tsohon garin Musulmi, kuma a Ilara kusa da shi ne cocin Katolika na Legas ya gina Jami'ar Augustine, wadda aka ba lasisi a 2015. A dawowa ta babban titin Lekki zuwa Epe akwai Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki, wadda ta samo asali daga makarantar koyon kasuwanci ta Legas da aka buɗe a 1991, tarbiyyar addininta kuma tana hannun ƙungiyar Katolika ta Opus Dei. Wannan titin, tunda matatar Ɗangote ta fara aiki, tankoki da tireloli ne suka cika shi, wanda bai fita da asuba ba a mota zai yi Azahar. Kada kuma a dogara da acaɓa, gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, ciki har da Ikeja da Eti-Osa da Mushin.

Da an tsallaka iyakar Ogun sai manyan: Covenant a Ota, ta cocin Bishop David Oyedepo, da aka buɗe a 2002, wadda ta yi suna da hana ɗalibai riƙe waya, da Babcock a Ilishan-Remo, ta 'yan Adventist, ɗaya daga cikin ukun farko da aka ba lasisin zama jami'a mai zaman kanta a 1999. A Babcock ranar hutun ibada Asabar ce, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, kuma ɗakin cin abincinsu ba ya dafa nama.

Gine-ginen duk suna da kyau, ciyawa a yanke, fenti sabo, kuma nan ne idon uba ke tsayawa. Amma addinin irin wannan makaranta ba a allon ƙofa yake ba, yana cikin jadawalin mako da kundin dokokin ɗalibai. Wanda bai karanta su ba bai ga makarantar ba, ko da an zaga da shi ko'ina.

A ɗayansu, wadda ba zan kama sunanta ba, mun bar katin shaida a wurin masu gadi, aka rataya mana katin baƙi, aka buɗe but ɗin mota aka duba. Abincin da Alhaji ya riƙo don wata 'yar unguwarsu da ke karatu a ciki sai da aka buɗe shi. Jadawalin yana manne a bangon ɗakin kwanan ɗalibai. Ana tashi kafin gari ya waye, a yi addu'ar safe a kowane hawa na ginin, sai wanka da karin kumallo, lacca ta fara ƙarfe takwas. A tsakiyar mako akwai sujada ta dukan makaranta wadda ake dakatar da lacca saboda ita, ga ta Lahadi da safe, ga taron nazarin Littafi Mai Tsarki da yamma. Da dare ana ƙirga kai a kowane ɗaki kafin a rufe ƙofa. Kowane ɗalibi, ko me yake karanta, yana da darasin tarbiyya da shugabanci da sai ya ci shi zai kammala.

Halartar sujadar ba a bar ta ga zuciyar mutum ba, ana ɗaukar suna. Na'urar dangwala yatsa ce a bakin ƙofa, a dangwala lokacin shiga, a sake dangwalawa lokacin fita, don kada wani ya shiga ya sulale. Wanda aka ga ya yi fashi ya wuce ƙa'ida sai a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga dakatarwa na zango guda, kuɗin da aka biya ya tafi ke nan. Wannan daban yake da dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a zauna jarrabawa, wadda jami'o'i da dama ke da irinta. Na'urar tana da nata ciwon. Jiƙaƙƙen yatsa ba ya karantuwa, haka wanda wanki da omo ya cinye, balle wanda aka sa wa lalle har kan tsinin yatsa. Ita ma JAMB ta sha gargaɗin masu jarrabawa a kan lalle saboda wannan dalilin. Yarinyar da ta dawo daga biki da ƙunshi a hannu za ta zauna cikin majami'a tun farko har ƙarshe, kwamfuta kuwa ta rubuta ba ta zo ba. Maganinsa shi ne ta nemi jami'in da ke wurin ya rubuta sunanta a rajistar takarda ya sa hannu a ranar, domin bayan mako biyu babu mai tuna fuskarta.

Sai maganar fita. Ɗalibi ba ya tsallaka ƙofa sai da takardar izini, kuma kafin a sa hannu ana kiran lambar wayar uba da ke cikin fayil. A nan Hausawa ke yawan samun cikas, saboda abu uku: ɗan kasuwa yakan sauya layi bai sanar ba, yawancinmu ba ma ɗaga lambar da ba mu sani ba, in an ɗaga ma Turanci ko Yarbanci ake yi a ɗaya gefen. A rubuta lamba biyu tun ranar rajista, ɗaya ta kawu ko yaya da ke zaune a Legas, mai jin Turanci, kuma a kai shi a nuna shi ga shugaban ɗakin kwanan ido da ido. Hutun Salla kuwa gwamnatin tarayya sai ana saura 'yan kwanaki take sanarwa, kuma kwana biyu ne galibi. Ba zai kai yaro Sakkwato ko Kano a mota ya dawo da shi ba. A nemi izinin da wuri, a yi Sallar a Agege ko Idi-Araba wurin dangi.

Da muka zauna da jami'in ɗaukar ɗalibai, Alhaji ya ce da ni, "Malam, tambaye shi, in yarinyar ta sa hijabinta ta shiga aji, akwai mai hana ta?" Jami'in ya yi murmushi ya ce suna da ɗalibai Musulmi kuma suna zaune lafiya. Na fassara. Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "Gaya masa mun gode, amma ba abin da na tambaya ba ke nan." Da aka ɗauko kundin aka buɗe shafin tufafi, sai ga shi an jera tsawon siket da irin takalmi da launin riga na ranakun aiki, ba a ambaci hijabi ba, an yarda ko an hana. Irin wannan shirun shi ya fi haɗari, domin hukuncin yana komawa hannun duk mai gadin da ke bakin aji a ranar.

Abin da ya kamata a tambaya, kuma a nemi amsarsa a rubuce da hatimi, ya bambanta tsakanin ɗa da 'ya. Ita 'ya mace Juma'a ba ta wajaba a kanta ba, sallolinta biyar tana iya yin su a gefen gadonta, don haka nata batun hijabi ne da halartar sujada. Shi namiji babban batunsa Juma'a ne. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da Yarbawa Musulmi galibi ke bi, Juma'a ba ta yiwuwa sai a ginannen masallaci, da mazauna gari aƙalla sha biyu banda liman. Ɗalibai shida su taru a ɗaki su yi huɗuba ba Juma'a suka yi ba. Saboda haka tambayar ita ce: ana ba da izinin fita duk Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ko kuwa sai an cike takarda kowane mako? Ana sa lacca ko gwaji a wannan lokacin? Masallacin da ya fi kusa da ƙofa, tafiyar minti nawa ne?

Mai salla a ɗaki yana da buƙatar sanin abu biyu da ɗan Arewa kan yi sakaci da su. Alƙiblar Legas tana wajen digiri 63 daga arewa zuwa gabas, ta Kano kuwa wajen 68, wato a nan sai an ƙara karkata hagu daga mahudar rana. Manhajar waya tana ruɗewa kusa da gadon ƙarfe da rodin bango, gara a auna a fili a sa alama da tagar ɗaki. Na biyu lokaci. Legas tana yamma da Kano da kusan digiri biyar, rana tana yin zawali a nan bayan ta yi a can da kamar minti ashirin. Zawalin Legas yana tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe ɗaya gwargwadon watan da ake ciki, Magariba kuma tana yawo daga wajen shida da minti ashirin da biyar a Nuwamba zuwa bakwai da 'yan mintuna a Yuli. Wanda ya zo da kalandar sallar Kano ya manna a bango zai sha ruwa rana ba ta faɗi ba.

Azumi shi ne gwajin gaske. Ɗakin cin abinci yana da lokacin buɗewa da rufewa, ba ya san sahur, kuma an hana risho da hita da duk abin dafa ruwa a ɗakunan kwana saboda gobara. Waɗanda suka saba suna karɓar abincin dare su zuba a kula mai riƙe zafi, su cika fulas da ruwan zafi daga kicin kafin a rufe. Shinkafa da wake da tuwo suna kaiwa asuba a kula mai kyau, amma miyar da aka sa wa kifi ko ɗanyen ganye tana tsami kafin ƙarfe huɗu a zafin Legas. Sauran guzuri daga gida yake zuwa: dabino, garin kunun gyaɗa, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, madarar gari. A fara tambaya ko ana barin shigo da su, domin wasu makarantun ba sa bari.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa mai karatu ya karɓi koyarwa ko ya shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Amma sashen dai ya kuma ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022, wanda ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi, a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi shari'ar. A jami'a mai zaman kanta kuwa, ranar rajista ana miƙa wa uba da ɗalibi takardar alkawarin bin dukan dokoki, su sa hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ganina uban da ya sa hannu bai karanta ba, kansa zai fara tuhuma kafin ya tuhumi fasto.

Kada kuma a ɗauka Musulmi kaɗai abin ya shafa. Muna fitowa wata ɗaliba ta ji Hausa a bakinmu ta rusuna ta ce, "Baba, sannunku da zuwa, ya hanya?" 'Yar Gombe ce, Kirista, a cocin ECWA ta tashi. Ta ce ita ma sai da ta koyi zama: a gida da Hausa ake waƙa da wa'azi, a nan da Turanci, salon addu'ar ma daban, 'yan kunnen da ta saba sawa tun tana jaririya kuma dokar tufafi ta sa ta cire. Ɗariƙu suna da bambanci a tsakaninsu kamar yadda muke da namu, ɗan Katolika a makarantar 'yan Pentikostal baƙo ne.

Daga nan na wuce Akoka, Jami'ar Legas, wadda aka kafa a 1962. Ba ta addini ba ce, ta gwamnatin tarayya ce, amma duk mai son ganin al'ummar addini a cikin jami'a ya je can ranar Juma'a. Masallaci da majami'u maƙwabtan juna ne, babu na'urar dangwale, babu mai ɗaukar suna, kuma sahu yana fita har waje. Tarihin ɓangarorin biyu ma yana da jijiya a garin nan. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, a Legas aka kafa ta a Afrilun 1954, shugabanta na farko kuma shi ne Lateef Adegbite, wanda daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Cocin Deeper Life kuwa, mai Jami'ar Anchor, a gidan wanda ya kafa shi, W.F. Kumuyi, ya fara a 1973, da mutum goma sha biyar, lokacin yana koyar da lissafi a wannan jami'ar.

Abin da ke riƙe irin wannan masallacin ba huɗuba kaɗai ba ce, ruwa ne da shara da lissafi, kuma ɗalibai ke yin mafi yawansa kyauta. Ɗauki alwala. Wanda ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba har ya wanke ƙafa zai ɓatar da lita huɗu ko biyar, mai buta kuwa lita ɗaya ta ishe shi. Tanki mai lita 5,000 ke nan zai ɗauki mutum dubu da famfo a sake, ya ɗauki dubu biyar da buta. Shi ya sa masu kula ke cika tanki tun daren Alhamis lokacin da akwai wuta, su jera butoci a cike kafin sha biyun rana. In aka bari sai hantsin Juma'a sannan a kunna injin jan ruwa, wuta ta ɗauke, magana ta ƙare. Magudanar wurin alwala kuma ledar fiyawota ce ke toshe ta, sai an sa raga a bakin rami ana kwashewa.

Buɗa-baki a watan azumi lissafinsa a fili yake. Buhun shinkafa mai kilo 50, in aka ware wa kowa giram 150, yana ciyar da mutum 330 da 'yan kai. Jakar fiyawota leda ashirin ce, mutum 300 a leda bibbiyu jaka 30 ke nan kullum. Dabino uku-uku. Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Masu bayarwa sun fi sakin hannu a goman ƙarshe, ɗalibai kuwa tun daren farko suke da yunwa, don haka kwamitin da bai fara bin 'yan kasuwa tun watan Sha'aban ba zai ci bashi a goman farko. Na biyu, shinkafar da aka zuba da zafinta a roba aka rufe tun Azahar, gumi zai sauka a kanta, kafin Magariba ta fara yami. A sauke tukunya bayan La'asar, a bar ta ta sha iska, a zuba saura awa guda. Farar robar kumfa da aka saba zuba abinci a ciki, jihar Legas ta haramta ta tun Janairun 2024, sai a nemi wani mazubin, kuma ya fi tsada.

Hidimar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta duba lafiya kyauta. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta suna Idi-Araba, katanga ce kawai tsakaninsu da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa. Ƙungiyoyin ɗalibai na masallaci da na coci, daga jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu, duk suna fita irin wannan aiki a unguwanni, kuma na ga wanda aka yi da kyau, na ga wanda aka yi don hoto.

Wanda aka yi da kyau daga fada yake farawa. A je wa Sarkin Hausawan unguwa da liman tun da mako guda, a yi sanarwa bayan sallar Isha'i, a zaɓi safiyar Asabar ko Lahadi. A kafa rumfa biyu, ta mata da labule da ɗalibai mata, in ba haka ba matan aure ba za su fito ba, kuma su ne suka fi buƙata. Kowane tebur yana son mai jin Hausa, ba mai gaisuwa kaɗai ba, wanda zai iya tambayar dattijo ko yana tashi fitsari da dare sau da yawa ba tare da ya kunyata shi ba. A nan ɗalibi Bahaushe guda ya fi kwalin magani amfani. Dole kuma a sami likita mai lasisi a wurin, ɗalibi ba ya rubuta magani.

Awon hawan jini ne aka fi ɓatawa. Mutum ya zauna minti biyar tukuna, bayansa a jingine, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ba ya magana. Wanda ya ci goro ko ya sha taba ko shayi mai kauri ya jira rabin awa, in ba haka ba awon zai hau. Ƙaramin maɗauri a kan damtse mai kauri shi ma yana ƙara lamba, don haka a zo da babba da matsakaici. In an ga 140 bisa 90 ko sama a sake aunawa bayan ɗan lokaci, awo ɗaya ba ya mai da mutum mai hawan jini. In ya kai 180 bisa 120 ba a sallamarsa gida, asibiti za a raka shi. Awon suga kuwa a wanke yatsa da ruwa a busar, domin mai sayar da rake ko lemo zai nuna lamba mai ban tsoro alhali a fatarsa sugan yake. Wanda bai karya ba, 126 ko sama abin bincike ne, wanda ya ci abinci kuma 200. A duba ma'aunin da na'urar ke amfani da shi, domin wasu suna nuna 7 a inda wasu ke nuna 126, ninki 18 ne tsakaninsu. Tsinken gwajin yana lalacewa in an bar kwalbarsa a buɗe cikin laimar Legas ko a cikin mota a rana. Gwajin maleriya na gaggawa a karanta shi a mintunan da aka rubuta a kwali, galibi 15 zuwa 20, in layin tabbatarwa bai fito ba gwajin ya ɓaci. Allura da tsinken da aka huda yatsa da shi a zuba su a kwalin da aka tanada, ba a leda ba, yaran unguwa suna tsince-tsince bayan an tashi.

Babban kuskuren shi ne a ba dattijo maganin hawan jini na mako biyu a tafi. Ya sha, ya ji sauƙi, magani ya ƙare, ya ɗauka ya warke. Aikin da ya cika shi ne wanda aka rubuta wa kowa takardar turawa zuwa ƙaramin asibitin da ya fi kusa, aka ajiye lambarsa, aka kira bayan wata guda. Masu ba da jini ma suna da ƙa'ida: shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 ko sama, ana ɗibar kamar mililita 450, namiji ya huta wata uku kafin ya sake, mace huɗu. Ba a shirya shi da rana a watan azumi, ba a kuma ɗibar wanda bai karya ba, jiri zai kayar da shi.

In aka ce in auna, hidimar makarantun da ke tilastawa ta fi tsari da ɗorewa, tana da mota da kasafi da maki a takardar sakamako. Ta 'yan sa-kai ta fi zafi, amma tana mutuwa da zarar masu himmar sun kammala, sai an sake haifar wasu.

Mai son jami'ar Musulmi sai ya bar jihar. Ƙungiyoyin Musulmin a Legas aka haife su, makarantun kuwa a waje aka gina: Ansar-Ud-Deen da aka kafa a 1923 tana da Summit a Offa, NASFAT ta 1995 tana da Fountain a Osogbo, ban da su kuma ga Al-Hikmah a Ilori. Mafi kusa ita ce Crescent a Abeokuta, wadda marigayi Bola Ajibola, tsohon ministan shari'a kuma tsohon alƙali a Kotun Duniya, ya kafa, aka ba ta lasisi a 2005. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, da aka ƙaddamar a 2021, yana tsayawa a tashar Agege ya sauke mutum a Abeokuta cikin kamar awa guda, ya fi bin hanyar Sango-Ota hutu nesa ba kusa ba. A can Juma'a da sahur da hijabi ba abin roƙo ba ne. Amma kundin dokoki yana nan, takardar izinin fita tana nan, kuma ɗalibi Kirista da ke can yana da irin tambayoyin Alhaji, sai dai a juye.

Ko wacce aka zaɓa, takardu ne ke kayar da mutane a ƙarshe. Lasisin jami'a daban, amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da kowane kwas daban: cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi biyu, akwai kuma wanda aka hana. Likitanci da lauya suna da ƙarin sharaɗi, majalisun sana'ar ne ke ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka, wadda ta zarce adadi yaranta ne ke zaman jira bayan sun gama. Gurbin karatu sai ya fito a shafin JAMB yaro ya karɓa da kansa, takardar da makaranta ta buga kaɗai ba ta isa ba, kuma wanda sunansa ba ya can zai sha wuya lokacin bautar ƙasa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, a nan aljihun uba ne daga farko har ƙarshe, kuma kuɗin karɓar gurbi galibi ba a mayarwa. A tambayi kuɗin shekara ta biyu da ta uku tun yanzu, da ko abinci yana ciki. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka a jera katin da sakamakon WAEC ko NECO a kan tebur a duba harafi da harafi. In an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan kaka ya shigo a ɗaya ya fita a ɗaya, a gyara kafin a biya ko kwabo.